Ka Sake Shi

Tasawa, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Zara'u, ɗiyar Kawu Na Allah, a Tchaké.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, da ke da ɗanki Muddassir da iyalinsa, da duk mai shan ruwan randar gidan Kawu. Yaya zafi? In kin tambayi tawa lafiyar, alhamdu lillahi, sai gwiwar hagu da ke yi mini gardama in zan tashi daga sallah, kamar mai taya kaya ba da niyyar saye ba.

Ran Juma'a na karɓi lambarki wurin Lamine direba, na kira. Kina jin muryata kika ce, "In kana da magana ka rubuto," kika kashe. Na yi dariya har maƙwabcin rumfata ya leƙo. Na san dalili. Tun muna yara kike cewa bakina zai iya sayar wa mai rijiya ruwa. Kina son ƙaryata ta zauna a takarda, inda za ki danne ta da yatsa. Na yarda. Ga ni a takarda, shekara goma sha huɗu bayan maganarmu ta ƙarshe.

Littafi ne ya kawo ni. Sana'ata yanzu kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, nake sayar wa ƴan lakwal masu zuwa boko, sai tsoffin takardu da ake kawo mini buhu-buhu daga Jibiya, ina auna wa masu ƙosai da masu tsire a kilo. Satin da ya wuce ina zazzage buhu, sai wani ɗan littafi mai koren bango ya faɗo bisa ƙafata. Na ɗaga, na ga zanen mutum da sanda, takalma rataye a wuyansa. Zara'u, Takalman Sufyan ne. Wanda malaminmu Mushe Nasiru ke karanta mana ran Asabar in an gama shiftar dikte, yana zaune bisa tebur yana kaɗa ƙafa, mu muna kan yashi cikin ajin zana.

Kin tuna? Sufyan da ya bar garinsu da goro goma ya ci kasuwa goma sha biyu. Kin tuna da ya sayi tsohuwar akuya wurin wani dattijo da safe, ya wanke ta, ya datse mata gemu, da la'asar ya sayar wa dattijon nan da ita a kan cewa ƙanwarta ce? Ranar nan har Mushe sai da ya aje littafin ya share hawaye don dariya. Ni kuwa a ranar na yanke cewa ba zan mutu da hauya a hannu ba.

Na Mushe gara ta cinye masa ganyen ƙarshe, shi ya ƙarasa mana da baki: Sufyan ya komo gida da raƙuma, aka yi kwana uku ana kiɗi. Wannan da na tsinta cikakke ne, har shafin ƙarshe. Ban karanta ba tukuna. Kwana shida ke nan yana cikin akwatin bik, ina kewaya shi kamar kare da bushiya.

Na nuna wa mutum uku a layinmu, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Ɗaya ma cewa ya yi, nawa kilo? Mu goma sha tara ne a ajin nan. Na zauna na lissafa, ke kaɗai na san inda kike. Shi ya sa.

Lamine zai biyo ta Mayahi, ki ba shi amsa in ya komo. Ki gaida mutanen gida.

Ubangidanki ko kin ƙi,
Cha'ibu

Tchaké, 3 ga Mayu

Zuwa ga bawana Cha'ibu, ɗan mace, wanda ya gudu da igiyarsa a wuya.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zafi kam sai godiya, rijiyar gabas ta ja ƙasa, sai an ƙara igiya. Muddassir na sharar gona, ƴaƴansa huɗu yanzu. Ni tun rasuwar Malam maigidana na komo gidan Baba, ina ɗakin da ke duban na Gwaggo Fatiha, wato uwarka, in ba ka manta sunanta ba. Gwiwa kuma ka shafa mata man kaɗe, ka rage zaman banza.

Wane ubangida? Ɗan mace bai taɓa zama ubangidan ɗiyar namiji ba, ko a Tasawa aka canza dokar? Rubutunka dai ya gyaru. Shekara tara na yi ina koya wa mata a yaƙi da jahilci, na zaci zan sha jan bik a kanka, sai na ga ba laifi.

Na tuna littafin. Na tuna kuma wanda ya sace shi daga akwatin Mushe ya ɓoye cikin rumbu kwana biyu, aka jera ajin duka aka yi mana bulala, shi yana cikin masu rantsuwa. Har yau ina da shakka ko gara ce ta ci ganyen nan, ko ɓerayen rumbun Baba.

Ka ce shekara goma sha huɗu. Ni ma ina ƙirgawa. Ranar da na kira ka na ce Gwaggo ta cika, ka ce kana Agadas da kaya, za ka iso sadakar uku. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Ban faɗa don a yi faɗa ba. Kai ka ce a sa komai a takarda.

Ka daina kewaya littafi, ba ya cizo. Ka karanta, ka gaya mini ko har yanzu yana ba ka dariya, sannan ka aiko mini in gani da idona. Kuma kada ka ce mini littafi kaɗai ya kawo ka. Mai son taya saniya da zancen igiya yake farawa.

Uwargijiyarka,
Zara'u

Tasawa, 9 ga Yuni

Zuwa ga Zara'u.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Nan an yi ruwa ɗaya ran Talata, bai kai na shuka ba, ya dai jiƙa mini rabin buhun takarda. Ku fa? Man kaɗe na shafa, gwiwa ta ce ta gode, amma ba ta sallama ba. Ki yi haƙuri da jinkiri. Sau uku ina fara takardar nan ina auna ta cikin kilo.

Na karanta. Yini uku na yi a kansa, da azahar in kasuwa ta yi sanyi.

Abu na farko, ya ƙanƙance. Shafi hamsin da takwas ne duka. Ni da nake ganinsa kamar ba ya ƙarewa! Haka kwanaki na tsinci littafin lektir ɗinmu, na koyon karatu a CM1, aji biyar, da nake ɗauka teku ne, na tarar kududdufi. Amma wancan bai dame ni ba, dama ba ƙaunarsa nake ba. Wannan Hausarsa tana nan da zaƙinta, wani wurin sai na karanta a fili don kunnena shi ma ya samu rabo.

Na zo wurin akuya na fara dariya tun kafin in iso. Sai na ci karo da layi ɗaya da ban taɓa sanin yana nan ba. Dattijon nan ya sayar da akuyar ne don nononta ya ƙafe, kuma yana da jika maraya na goye a gida, nono ake nema masa. Shi ya sa ya koma da la'asar neman wata. Wato Sufyan ya maida masa busasshiyar akuyarsa, ya tafi yana fito. Layin nan Mushe ya tsallake, ko kuwa ya karanta ne dariya ta hana mu ji? Na rufe littafin na zauna. Wata yarinya ta zo sayen bik sai da ta yi magana sau uku.

Daga nan duk ya lalace mini. Kowace kasuwa ya shiga, na daina kallon Sufyan, sai wanda ya bari tsaye da baki buɗe. Kuma na san fuskokinsu, Zara'u. Ni ban yi da akuya ba, amma na taɓa sayar da rediyon da ba ya magana sai a rumfata.

Sai ƙarshe. Babu raƙuma. Babu kiɗi. Sufyan ya komo garinsu a ƙasa, ya rataya takalmansa na ƙarshe a wuya don kada su ƙare. Ya tsaya ƙofar gidansu ya yi sallama sau uku, ba wanda ya amsa, sai kaji. Ya ɗan zauna, ya tashi, ya kama hanyar da ya fito. Shi ke nan littafi. Allah ya ji ƙan Mushe Nasiru, ko ƙarya ya yi mana don tausayi, ko shi ma bai taɓa gani ba. Ni dai na gane karatun. Suna ciki, sun ji muryarsa, sun yi shiru. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tunda takarda ce, ga gaskiya. Ranar da kika kira ba Agadas nake ba. Nan Tasawa nake. Kasuwa ta karye mini a shekarar, ba ni da ko abin sayen likkafani, ga shi na cika Tchaké da labarin ina da shago uku. Na ce bari in ɗan farfaɗo kafin sadakar uku. Kunyar kwana uku ta haifi ta kwana arba'in, ita kuma ta yi jikoki.

Matata Lailatu ta rasu shekara uku ke nan, ban sani ba ko labari ya iso ku. Ɗana Faruk na Libiya, yakan aiko murya a waya in ya tuna. Ɗiyata Shamsiyya na aure a Damagaram. Ni ina wani ɗaki na haya bayan tasha, tuwo a wurin mai tuwo. In na rufe rumfa da la'asar ina bin hanya mai nisa, don ba wanda zan ce wa na dawo. A kasuwar nan ba wanda bai san sunana ba, kuma ba wanda ya san sunan uwata. Da na ga kin rubuta Fatiha, na daɗe ina kallon kalmar.

Ga littafin, Lamine zai ba ki, na naɗe shi cikin leda. Ki duba babin ƙarshe ki gaya mini in ba haka ba ne.

Af, ɗakin Inna na kusa da rumbu, yana tsaye kuwa? Tambaya ce kawai.

To, kin riga kin ce da igiya ake farawa. Ba tambaya ba ce, tayi ne. Ba gona nake nema ba, Muddassir ya ci gaba da nomansa, in ana so in faɗi haka gaban mai gari. Ɗaki da inuwa kawai, da inda in na yi tari wani zai ce sannu.

Cha'ibu

Tchaké, 2 ga Yuli

Bawana,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Allah ya ji ƙan Lailatu, ba mu ji ba. Ruwa ya sauka sosai, shuka ta fito, an shiga noman farko. Ni ke kai fura gona, ni ke tsaron jikoki, yanzu ma a tsaye nake rubutun nan, Lamine na ta danna oda a bakin hanya.

Na karanta littafin sau biyu, ga shi na maido. Ka cika mini takarda da zancen babin ƙarshe da zancen ɗaki. Amsarsu duka guda ce, kuma ba ni da lokacin tauna maka. Ka sake shi, Cha'ibu. In kana da sauran hankali ka sake shi.

Zara'u

Tasawa, 14 ga Yuli

Zuwa ga Malama Zara'u Na Allah.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, Allah ya ba da damina mai albarka. Ni ma lafiya lau.

Saƙonki ya iso. Kin ce in sake shi, na sake shi. Na gode da ba ki ɓoye mini abin da ke ranki ba. Ba zan ƙara tayar da zancen ɗaki ba. Tasawa ta riƙe ni shekara talatin da ɗaya, za ta iya riƙe abin da ya rage.

In na yi miki shisshigi, ki yafe. A gaida Muddassir.

Wassalam,
Cha'ibu Oumarou

Tchaké, 19 ga Oktoba

Zuwa ga wawan bayi, Cha'ibu.

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kana lafiya, ko da yake wanda kansa ba lafiya ban san me zan tambaya ba. An gama yankan gero, ana ɗaurin dammuna, wake ne bai yi ba bana. Ƙaramar jikata ta yi zazzaɓi an kai ta Mayahi, ta warware.

Wata uku ban rubuto ba, kuma da niyya. Ka ce mini ka sake shi, kuma ba za ka ƙara zancen ɗaki ba. Na ɗauka ka koma ka karanta, ka ga abin da na rubuta maka a ciki, ka ce ba ka so. Na ce dama ɗan kasuwa ne, ya taya don ya ji kuɗin kaya, ba don ya saya ba. Har da kirana Malama, kamar wata baƙuwa a lameri, ofishin magajin gari. Na sa takardarka ƙasan akwati, na ce Allah ya raka taki gona.

Shekaranjiya ina sussuka a ƙofar gida sai ga Lamine ya tsaida mota, ya sauko da wata takarda duk mai, yana riƙe da ita da yatsa biyu. Ya ce, "Inna, wannan ba hannunki ba ne? Na san yadda kike ja wa k wutsiya." Na karɓa. Shafi na hamsin da bakwai ne, ga jan bik ɗina a gefe, ga warin ƙosai. Na ce, "Ina ka samo?" Ya ce, "Tashar Tasawa, wurin Zuhura mai ƙosai, da shi ta ƙunsa mini na dala ashirin. Na tambaye ta, ta ce tun damina Cha'ibu mai takarda ya miƙo mata littafi guda cikin ledarsa, kyauta, ko buɗewa bai yi ba. Wai an ce ya sake shi. Ita kuma sai yanzu ta fara yagarsa."

Na zauna a turmi, Cha'ibu. Matar Muddassir ta zaci jiri ne.

Sake na maimaitawa na ce maka! Na a koma a karanta! Ba sake na sakin akuya ba! Da a baki ne da ka ji na ja shi. A tsoffin takardun yaƙi da jahilci ninka wasalin ake yi, saake, daga baya aka ce a bari, ba a san za a haifi irinka ba. Kai da kake jin ƙarya daga numfashin mai saye, kalma guda ta zo maka da fuska biyu, ka zaɓi wadda ke korarka, ba ka ko kwance ledar ba.

Tunda ka ciyar da mutanen tasha amsata, bari in tauna maka. A shafin da ke kafin na sallama, mai littafin ya ce Sufyan ya ratso gonaki, gero ya kai gwiwa, ƙasa da laima, inuwarsa ta fara gajarta. To, a gidan manomi, gero a gwiwa, rana ta yi hantsi, wa ke gida? Ko tsohuwa ta ɗauki ƙwarya ta bi su. Kaji ne kaɗai, kuma kajin ya tarar. Ba wanda ya ji muryarsa ya yi shiru. Mai littafin bai ce sun ƙi shi ba, kai ka ce. Shi ya san lokacin noma, Sufyan ne ya manta, kai ma ka manta. Da ya jira azahar da ya ga ƙurar dawowarsu. Abin da na rubuta a gefe ke nan: Suna gona, wawa. Ka zo.

Ka ce littafin ya ƙanƙance maka. Ni girma ya yi mini. Da muna yara ban so shi kamar ku ba, na ɗauka labarin maza ne masu yawo. Yanzu na ga wanda ya rubuta shi ya taɓa zama a gida yana jiran wani. Na ji haushinsa da bai bar Sufyan ya ƙara zama kaɗan ba, amma bai yi ƙarya ba, haka kuke.

Ɗaki yana nan kuma ba ya nan. Rufin ya faɗi daminar bara waccan, bango na tsaye, awaki ke kwana ciki. Yanzu kaka ce, akwai kara, akwai hannu. Amma ba wanda zai rufa maka kana Tasawa. Na gaya wa Muddassir. Bai yi murna ba, bai hana ba. Ya ce, "In Kawu ya zo mu gani."

Zancen Gwaggo kuma, ba ni ke da yafewa ba. Sau biyu ta tambaye ka cikin ciwon, sau biyu na ce kana hanya. Ka sa ni ƙarya ga mai mutuwa, wannan nawa ne, kuma ban gama da shi ba. Muddassir ya san inda take, shi ya shiga ramin ya karɓe ta. In ka zo, can za ka fara, kafin ka sha ruwan gidan nan.

Kada ka ɗauka tausayinka kaɗai ne. Gidan nan cike yake, amma kowa durƙusa mini yake. Waɗanda muka yi wasan ƙasa da su duk sun tafi. Sai in yini ba wanda ya musa mini magana.

In ka ga wata kalma mai fuska biyu a takardar nan, ka tambaya.

Uwargijiyarka,
Zara'u

Tasawa, 27 ga Oktoba

Zuwa ga Zara'u.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa jikarki lafiya, ya sa a ci gero cikin kwanciyar rai. Ni lafiya, gwiwa ma jiya ta manta da kanta, don da gudu-gudu na isa tasha.

Na ce wa Zuhura, "Ina littafina?" Ta ce, "Wane naka? Kyauta ake komowa karɓa, Cha'ibu? To amayo ƙosan gyara da ka sha ci." Ta laluba ƙarƙashin tire ta zaro abin da ya rage. Daga baya ta riƙa yaga, don haka bango ne da shafi goma sha ɗaya na farko. Wato duk wayon Sufyan ta bar mini, ƙarshen kuwa ya bi cikin fasinjojin Maradi da Damagaram. Ba zan iya saake shi ba, ga wasalinki na ninka. Sai dai in ɗauki maganarki a kan gero da inuwa. Tunda na fara kasuwa ban taɓa sayen kayan da ban gani ba sai yau.

Kin tambayi yadda aka yi na zaɓi fuskar da ke korata. Na taya ne ina jiran a ce albarka, Zara'u. Shekara goma sha huɗu ina jin kalmar a kunnena kafin a faɗe ta. Da ta zo ban ma duba ba, na gane ta kamar tsohon abokin ciniki.

Ran Lahadi in kasuwa ta tashi zan bar wa maƙwabcina rumfa ta wata guda. Ban sayar ba, kada ki ce na yi alkawarin da ban yi ba. Litinin Lamine iyakarsa Mayahi, can zai sauke ni, in hau kabu-kabu in ƙaraso. Ba raƙuma. Akwati guda ne, da tabarma, da kaye ashirin na jikokinki. Ki gaya wa Muddassir na ji sharaɗin. Zan bi bayansa zuwa kabarin Inna, ba zan yi magana a hanya ba, kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Naki kuma da kika ce ba ki gama da shi ba, ban roƙi ragi ba.

Abu guda nake roƙo. Na san mutanen Tchaké. Za su fito, su shimfiɗa mini tabarma sabuwa, su kawo ruwa a kwanon baƙi, su ce sannu da zuwa Alhaji, alhali ko Agadas ƙarya na yi. Yaran ba su san ni ba, manyan sun sani sun fi so su manta. In aka yi mini ladabin nan yini guda, wallahi Talata ina Tasawa.

Don haka in mun komo daga wurin Inna, kada ki jira mu shiga gida. Ki tare ni a ƙofa, gaban kowa. Ki kira ni bawa, ki tambayi ina shagunan nan uku, ki faɗi zancen rumbu da bulala, ki ɗaga murya har na bayan danga su ji. Ba zan rama ba ranar farko.

Bawanki,
Cha'ibu